Lord Abdurrahman: Tarihin gidan sarautar Ingila da Musulmi ya gada

Bara a zangonmu na Kumasi mun yi wata jana'iza da har yanzu ba ta fita daga raina ba. Mamacin ya musulunta fiye da shekara ashirin, kusan kullum a sahun farko ake ganinsa, amma danginsa kaf Kiristoci ne. Da gari ya waye suka iso daga ƙauye, suka ce sai an kai gawa ɗakin sanyi a ajiye har dangi na nesa su hallara a yi babban taron makoki kamar yadda suka saba. Mu kuma muna tsaye da likkafani a hannu. Aka ja, aka ja, har bayan azahar. Can sai yayansa, wani dattijo mai muƙami a cocinsu, ya ɗaga hannu ya ce a bar mu mu binne shi yadda ya rayu, su za su tsaya daga baya. Haka kuwa aka yi. Muna sallah suna tsaye a gefe, wasu na share hawaye.

A hanyar dawowa daga maƙabarta na tuna da wata jana'iza mai kama da wannan, wadda aka yi a Ingila cikin Disamba 1903. Wanda aka binne ba talaka ba ne, basarake ne ɗan basarake, sunansa Henry Stanley, Baron na uku na Alderley, wanda Musulmin zamaninsa suka sani da Abdurrahman. Shi ne Musulmi na farko da ya zauna a Majalisar Dattawan Birtaniya, wato majalisar masu sarauta. Na fara cin karo da sunansa ne ina karanta tarihin masallacin Liverpool, kuma tun daga nan nake bin diddigin gidansu. Labarin gidan ne na kawo muku yau.

Kafin mu yi nisa, kada mai karatu ya haɗa shi da wancan Stanley ɗin ɗan jarida da ya biyo sojojin Ingila zuwa Kumasi a 1874, daga baya ya yi suna a Kwango. Wannan sunan aro ne ya ɗauka, sunansa na yanka John Rowlands, kuma babu abin da ya haɗa shi da gidan da muke magana.

Yadda sarautar take tafiya

Sarautar gado a Ingila hawa biyar ce: Duke a sama, sai Marquess, sai Earl, sai Viscount, sai Baron a ƙasa. Akwai kuma Baronet, wadda ita ma ana gadonta, sai dai mai ita Sir ake kiransa, kuma ba ta ba shi kujera a majalisar masu sarauta.

Abin da zai fi ba Bahaushe mamaki shi ne babu masu zaɓen sarki. A wurinmu idan sarki ya rasu, ko a masarauta ko a zango, manya ne za su zauna su duba 'ya'yan gida, a yi kamun ƙafa, wani lokaci har a kai ga kotu. Maƙwabtanmu Asante kuma ta ɗakin uwa suke bi. Su Turawan Ingila takarda ce ke magana. Ranar da sarki ko sarauniya suka ba mutum sarauta, ana rubuta hanyar da za ta bi, kuma galibi ga babban ɗa namiji na aure take zuwa. Ko malami ne ko sakarai, ko uban na sonsa ko ba ya sonsa, uban na cikawa ɗan ya zama Lord. Idan babu ɗa, ta koma ga ƙane ko ɗan baffa, matuƙar jinin wanda aka fara bai wa ne ta wajen maza. Idan maza suka ƙare, sarauta ta mutu. Gwamna Lugga da muka sani misali ne: an ba shi Baron a 1928, ya mutu a 1945 bai bar ɗa ba, sarautar ta bi shi kabari.

A riƙe wannan ƙa'ida, don ita ce ta kai Musulmi majalisa ba tare da kowa ya zaɓe shi ba.

Asalin gidan

Sunan Stanley ya yi tashe ne a ƙarshen yaƙin basasar gidajen sarautar Ingila. Ranar 22 ga Agusta 1485, a fagen Bosworth, Sarki Richard na Uku ya kara da Henry Tudor. Thomas Stanley da ƙaninsa William sun zo da dakarunsu suka tsaya gefe suna kallon inda iska za ta kaɗa. Da lokaci ya yi, William ya afka wa sarki, aka kashe Richard, Henry ya hau gado. Thomas dama mijin uwar sabon sarkin ne, sai aka saka masa da sarautar Earl na Derby a shekarar. Shi kuwa William, shekara goma bayan nan sarkin da ya ceta ya sa aka fille masa kai bisa zargin cin amana. Wanda ya ce kusa da sarki daɗi ne, ya tambayi William Stanley.

Babban reshen gidan, wato na Derby, yana nan har yau. Daga cikinsu aka samu wanda ya yi firaminista sau uku, kuma shahararren sukuwar dawakin Derby da aka fara a 1780 sunan gidan ta ci.

Namu labarin na ƙaramin reshe ne. Wani ɗan'uwan su Thomas mai suna John ya auri magajiyar wata ƙasa a yankin Cheshire, kudu da Manchester, ta nan suka sa ƙafa a Alderley. A 1602 jikokinsa suka sayi wani sashen ƙasar suka haɗa. A 1660, shekarar da aka mayar da Sarki Charles na Biyu kan gado, aka ba mai gidan Baronet. Daga nan sai da suka yi shekara 179 suna noma, suna karɓar kuɗin haya, suna auren 'ya'yan masu ƙasa, kafin a 1839 Sarauniya Victoria ta ɗaga Sir John Thomas Stanley, Baronet na bakwai, ya zama Baron Stanley na Alderley. Ka ga abin nasu ba na gaggawa ba ne.

Ɗansa Edward, Baron na biyu, ɗan siyasa ne na gaske. Tun uban na raye aka ba shi tasa sarautar, Baron Eddisbury, a 1848, ya riƙe ma'aikatar ciniki, sannan ya shugabanci gidan waya na ƙasa daga 1860 zuwa 1866. Matarsa Henrietta mace ce mai kaifin baki da kaifin ƙwaƙwalwa, tana cikin waɗanda suka kafa kwalejin mata ta Girton da ke Kambirij. Babban ɗansu, magajin duk wannan, shi ne Henry, wanda aka haifa a 1827.

Albasa ba ta yi halin ruwa ba

An ɗora Henry kan hanyar da ake ɗora 'ya'yan manya: makarantar Eton, jami'ar Kambirij, sai ma'aikatar harkokin waje a 1847. A 1851 aka tura shi ofishin jakadanci a Santambul, fadar daular Usmaniyya, daga baya kuma Girka. Mutum ne mai kan harsuna, ya iya Larabci da Turkanci ban da harsunan Turai. Zaman da ya yi cikin Musulmi ya shiga jikinsa. Ya ajiye aikin gwamnati ya nausa gabas, har Silon, wato Siri Lanka ta yau, da tsibirin Penang na ƙasar Malesiya. Wajajen 1859 labari ya iso Landan, har jaridu suka ɗauka, cewa ɗan Lord Stanley yana shigar Musulmi, yana zama da su, ya karɓi addininsu.

A auna abin da idon wancan zamani. Shekara biyu ke nan da boren Indiya na 1857, lokacin da Turawan Ingila ke kallon Musulmi a matsayin masu tayar musu da ƙayar baya. Uban babban ɗan siyasa ne mai neman kujerar minista. Wasiƙun gidan, waɗanda marubuciya Nancy Mitford, wadda ita ma jinin gidan ce, ta tattara ta buga a 1938 da 1939, sun nuna irin takaici da kunyar da iyayen suka ji. Duk wanda ya taɓa raka sabon musulunta gidansu ya san wannan yanayi: uba ya ɗaure fuska, uwa na kuka, maƙwabta na leƙe.

To amma takarda ta riga ta yi magana. Da uban ya rasu a 1869, babu wanda ya isa ya tsallake Henry. Kuma Allah Ya sa shekara uku kafin nan, a 1866, majalisa ta sauya lafazin rantsuwar kama aiki, ta cire sharaɗin rantsewa da addinin Kirista. Haka ya shiga ya zauna. Don a ga girman abin, Bayahude na farko mai riƙe da addininsa da ya shiga wannan majalisa, Lord Rothschild, sai a 1885 ya shiga.

A majalisa bai bi jam'iyya ba, a kujerun 'yan ba-ruwanmu yake zama. Kurma ne sosai, muryarsa kuma ba ta fita, saboda haka ba a sa shi cikin gwanayen magana ba. Amma bai gaji da tashi yana tambaya kan yadda ake mulkin Indiya da irin adalcin da ake yi wa mutanenta ba, har ya goyi bayan ƙungiyar Congress ta 'yan Indiya tun tana jaririya.

Ɗayan aikinsa na alƙalami ne. Ya fassara tsofaffin littattafan matafiya zuwa Turanci: bayanin gaɓar gabashin Afirka da Malabar a 1866, tafiye-tafiyen Vasco da Gama a 1869, kewaya duniya na farko na ayarin Magellan a 1874, da labarin jakadun Fotugal a Habasha a 1881. Masu binciken tarihi suna buɗe su har gobe.

Tebur ɗaya, addini uku

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a gidan nan shi ne 'yan'uwan Henry. Ƙaninsa Lyulph bai yarda da kowane addini ba, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen fafutukar makarantun gwamnati da ba sa ƙarƙashin coci. Autansu na maza, Algernon, ya bar cocin Ingila ya koma Katolika, ya zama fada, har ya kai bishop a 1903. Ƙanwarsu Rosalind ta shahara da yaƙi da giya. Wata ƙanwar, Kate, ita ce ta haifi masanin falsafa Bertrand Russell. Wata kuma, Blanche, ita ce kakar matar Winston Churchill.

Russell ya ba da labarin yadda yana yaro ake kai shi cin abincin ranar Lahadi gidan kakarsa a Landan, inda kawunnan nasa za su haɗu: ga Musulmi, ga fada, ga wanda ba ruwansa da addini, a yi ta musu da ƙarfi har yaron ya tsorata. Amma mako na zagayowa za su sake zama a teburin. Tsohuwar ba ta kori kowa ba. Hausawa suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ga shi Baturiya ta yi aiki da maganar ba tare da ta taɓa jin ta ba.

A ƙasarsa ta Alderley, Henry ya rufe gidajen giya. Ikonsa ne, ƙasarsa ce, ko da mashaya sun yi gunaguni. Amma ga wani abin da na san zai sa wasu masu karatu su gyara zama. A 1884 ya gaji wata babbar ƙasa a tsibirin Anglesey na yankin Wales daga wajen baffansa, mutanen da ke zaune a kanta kuwa duk Kiristoci ne. Sai ya riƙa fitar da kuɗinsa yana gyara musu tsofaffin coci-cocinsu da suka lalace. A ɗaya daga ciki, ta Llanbadrig da ke bakin teku, an yi gyaran da shuɗin tayil da gilasai masu zanen ado irin na masallaci a maimakon hotunan mutane. Tana nan, masu yawon buɗe ido na zuwa kallo.

Hukuncin wannan a shari'a ba nawa ba ne, na malamai ne, kuma na san za su yi magana. Ni abin da na gani shi ne mutumin da ya fahimci cewa shi kaɗai ne Musulmi a cikin dubban talakawansa, ya hana abin da yake ganin yana cutar da su, bai kuma tilasta wa kowa bin sa ba.

Ba waliyyi nake zana muku ba. Sha'anin aurensa a rikice yake. Ya auri wata 'yar Sifaniya mai suna Fabia a 1862 a ɓoye, dangi ba su sani ba sai bayan rasuwar ubansa. An sake ɗaura auren a 1869, aka kuma sake a 1874, na ƙarshen a cocin Katolika don ita addininta ke nan. Daga baya aka gano tana da wani miji a ƙasarsu wanda bai mutu ba sai 1870. Ba su haihu ba.

Jana'izar

Ya rasu yana da shekara 76, cikin watan Ramadan na 1321, a shekarar da sojojin ƙasarsa suka ci Kano da Sakkwato. Kakanninsa a cocin garin ake binne su, amma shi ya bar wasiyya, kuma dangin suka cika ta. Aka haƙa masa kabari a wani keɓaɓɓen wuri cikin filin gidan na Alderley, aka ɗauko limamin ofishin jakadancin daular Usmaniyya daga Landan ya yi masa sallah, babban sakataren ofishin na tsaye. A Liverpool kuma Shaihu Abdullahi Quilliam, wanda ya zo Legas a 1894 wajen buɗe masallacin Shitta-Bey, ya tara jama'arsa suka yi masa sallar ga'ib.

Akwai wani ɗan labari da ake bayarwa a gidan. Wai a bakin kabarin sabon Lord ya cire hularsa don girmamawa kamar yadda Turawa ke yi, sai ɗan'uwansa ya zungure shi ya ce masa ai a wurin Musulmi takalmi ake cirewa. Ko ba'a ce ko da gaske, ni dai abin da na ɗauka a ciki shi ne sun zo, sun tsaya, suna ta laluben yadda za su girmama ɗan'uwansu ta hanyar da ba su saba ba. Tamkar dattijon nan na zangonmu.

Bayan Abdurrahman

Tunda bai bar ɗa ba, sarauta ta koma ga Lyulph. Wato daga Musulmi ta faɗa hannun wanda ba ya bin addini, takarda ba ta tambaya. A 1909 Lyulph ya ƙara da sarauta ta uku, Baron Sheffield, wadda ta zo masa ta wajen kakarsa mace, domin ita takardarta ta yarda a bi ta ɗakin 'ya'ya mata idan maza suka ƙare. 'Yarsa Venetia kuwa ta shiga addinin Yahudu a 1915 don ta auri minista Edwin Montagu. Ɗansa Arthur, Baron na biyar, ya yi gwamnan jihar Victoria a Ostireliya daga 1914 zuwa 1920.

Daga nan duniya ta fara rawar 'yan mata. Lyulph ya mutu a 1925, Arthur ya bi shi a 1931, kuma kowace mutuwa gwamnati na yankar harajin gado mai nauyi. A 1931 gobara ta ci babban gidan, aka rushe shi bayan shekara biyu. Baron na shida matashi ne mai son duniya, ya yi aure huɗu, masu tarihin yankin kuma suna ambaton caca da kwalba a cikin abin da ya cinye shi. A 1938 aka yi gwanjon ƙasar Alderley, ƙasar da gidan ya riƙe kusan shekara 500. Jikan ƙanin mutumin da ya rufe gidajen giya ne ya sayar.

A 1950 kamfanin ICI ya sayi filin gidan ya mai da shi cibiyar binciken magunguna. A nan aka samar da tamoxifen da ake bai wa masu sankarar mama, da propranolol na masu ciwon zuciya da hawan jini. Mai yiwuwa wani a gidanku ya taɓa shan ƙwayar da aka ƙirƙiro a filin da Abdurrahman yake kwance.

Ita sarautar ba ta mutu ba. A 1971 ta tsallaka ga wani ɗan baffa manomi, kuma tun 2013 tana hannun Baron na tara. Sai dai a 1999 doka ta fitar da masu sarautar gado daga majalisa aka bar 92 kacal, a 2024 kuma gwamnati ta gabatar da ƙudurin sallamar ragowar. Suna ya rage, ƙasa ta tafi, kujera ta tafi.

Abin da ya shafe mu

Muna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. A gidan Stanley an gaji suna baki tara, an gaji gona har aka sayar, amma ba a taɓa gadon abin da ke cikin ƙirji ba. Henry bai gaji Musulunci ba, bai kuma bar wa kowa shi a gidan ba. Shi kaɗai ya shigo, shi kaɗai ya fita, kuma da dangin sun ga dama da sun kai shi coci ba mai hana su.

Abu biyu suka tsare masa mutuncinsa ranar da ba ya iya magana. Ya faɗi yadda yake so a binne shi tun yana da rai, kuma bai yanke zumunci da 'yan'uwansa ba duk da shekara arba'in da 'yan kai na saɓanin addini. Mu da muke zaune tsakiyar waɗanda ba addininmu ɗaya ba, muke aurensu, 'ya'yansu ke shigowa cikinmu, ya kamata mu duba wannan. Sau nawa muke yin kabbara ranar da mutum ya karɓi kalmar shahada, mu ba shi suna da jallabiya, amma ko sau ɗaya limami bai taka ya gaida uwarsa ba? Sai ranar mutuwa mu haɗu da dangi a karon farko, a kan gawa, kowa na ɗaga murya.

Daga baya na samu labarin cewa marigayin namu duk ƙarshen wata sai ya je ƙauye, kuma shi ya biya kuɗin makarantar 'ya'yan wannan yayan nasa. Ashe abin da ya ɗaga hannun dattijon ke nan. Zumunci a ƙafa yake.

Shawarata ga kwamitocin masallatanmu ƙarama ce. Duk wanda ya musulunta, a taimaka masa ya rubuta wasiyyar jana'izarsa da shaidu, har da wani daga danginsa idan zai yiwu. Sannan a samu dattawa biyu su raka shi gida tun ana zaman lafiya, a gaisa, a san juna.

Allah Ya jiƙan Abdurrahman na Alderley, Ya jiƙan ɗan'uwanmu na zango, Ya sa mu cika da imani.